Abin Da Muke Nufi Da Bango-Taga

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda kuma shi ne shugaban kwamitin kula da asibitin nan. Mai girma babbar likita. Sauran 'yan kwamiti, maza da mata. Malam sakatare, wanda na ga tuni ya jawo ƙararrawarsa kusa da hannu. Shugabar ma'aikatan jinya da 'ya'yanta masu fararen kaya. Likitocinmu manya da ƙanana. Masu shara, masu wanki, masu gadi. 'Yan uwana masu tura gado, waɗanda suka samu zuwa da waɗanda suke can suna turawa yanzu haka. Iyalan marasa lafiya. Iyayena da yayyena da ƙannena da kuka cika ɗakin nan har bakin ƙofa: ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, kowa da girman da Allah ya ba shi.

Ina gode wa Allah da ya tara mu lafiya a gidan da mutane suke zuwa neman lafiya. Ina gode wa kwamiti da ya ba ni minti goma sha biyar, ni da ban taɓa riƙe makirfo ba sai dai in ɗauko shi daga sito in kawo wa masu magana. Ku yi mini afuwa idan kuka ga ina kai da kawo a gabanku. Shekara ashirin da shida ina aiki a kan ƙafa, ƙafafun nan ba su koyi tsayawa wuri ɗaya ba, yau kuwa ko da sun koya ba za su tsaya ba. Wayata ma sai rawa take a aljihu tun da na hau nan, na kuma san dalili: ana neman gado a wani ɗaki, ga shi mutum uku kacal na baro suna zagaya asibitin nan kaf.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce shugabar masu tura gadon marasa lafiya, Uwar-gado ake ce mini. Mu ne muke ɗauko mutum daga bakin ƙofa mu kai shi ɗakin gaggawa, daga can zuwa ɗakin hoto, zuwa tiyata, zuwa ɗakin kwanciya, wani lokacin kuma zuwa ɗakin nan na baya wanda ba a son ambata.

Abin da ya tara mu, kowa ya gan shi a wayarsa. Mako uku da suka wuce, wata Talata da hantsi, an ɗauki ɗaya daga cikinmu a bidiyo yana hawa da wata tsohuwa zuwa bene ta gangaren nan na bayan ɗakin magani. Gadon yana zuwa dama, yana komawa hagu, yana sake dawowa dama, ga tsohuwa kwance da robar iska a hanci, shi kuma mai turawa yana dariya. Ɗan tsohuwar ne ya ɗauka daga sama. Ga shi can a layi na uku, ina gaishe ka, ɗana. Ya kai ƙara, aka dakatar da mutuminmu, aka karɓe katinsa na aiki, ga katin can a gaban sakatare ina hango igiyarsa. Yau kwamiti zai yanke hukunci: ko a mayar masa da katin, ko a sallame shi. Akwai kuma shawarar da na ji, cewa a ja layin fenti a tsakiyar gangaren, kowane gado ya bi shi a miƙe.

Mutumin nan Shiru-shiru muke ce masa. Shekara goma sha ɗaya muna tare, in aka tara maganar da na ji daga bakinsa a ɗakin hutu ba za ta cika shafi biyu ba. Da kwamiti ya tambaye shi abin da ya sa ya aikata haka, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Bango-taga ne, ranka ya daɗe." Bai ƙara komai ba. Aka buɗe ƙamus ba a sami kalmar ba, aka tambayi likitoci, kowa ya ce ya saba jin ta amma ba zai iya rantsuwa a kan ma'anarta ba. Shi ya sa aka kira ni. To, zan faɗi ma'anarta, zan faɗi asalinta, zan faɗi yadda muke amfani da ita, in lokaci ya bar ni.

Na farko, ma'ana. Ku tuna gangaren nan. Faɗinsa ya ɗauki gado uku a jere. A hannun dama bango ne, a hannun hagu tagogi. Gadon da muke turawa ƙarfe ne, a kansa akwai katifa, akwai mutum, akwai tukunyar iska, akwai sandar ƙarin ruwa. Idan ka fuskanci tudun a miƙe, duk wannan nauyi a ƙirjinka yake zama, kuma ba ya ba ka damar numfashi, domin da zarar ka tsaya tayoyin za su so komawa baya. Amma idan ka karkata hancin gadon zuwa bango, tudun ya rage kaifi. Ka isa bango, ka gicciye gadon, ka taka birki, ka ja numfashi biyu. Sannan ka karkata zuwa taga. Ka isa taga, ka gicciye, ka taka birki, ka ja numfashi biyu. Juyi tara ne daga ƙasa zuwa sama. Hanyar ta fi tsawo, amma babu inda gadon yake fin ƙarfinka. Wannan tafiyar ita muke kira bango-taga.

Ina roƙon jama'a su bambanta ta da 'yan uwanta. Ba tangaɗi ba ne, domin mai tangaɗi bai san inda ƙafarsa za ta sauka ba. Ba zulliya ba ce, domin mai zulliya gudun wani abu yake yi. Ba yawo ba ne, domin mai yawo ba shi da wanda yake jiran sa. Mai bango-taga ya san inda za shi, sama za shi, likita yana jiran sa a can, kuma kowane juyi da ya yi a lissafe yake.

Na biyu, asali. Wannan sashen ban taɓa faɗarsa a gaban jama'a ba, kuma da da hali da yau ma ban faɗa ba.

Lokacin da na fara aikin nan, ba haka ake hawa ba. Idan lif ya mutu, wato na'urar nan ta hawa bene wadda ta fi mu hutu a asibitin nan, sai a ja gado baya har bakin ɗakin magani, a sheƙo da gudu, a haye da ƙarfin gudun. Mai ƙarfi ya kai, marar ƙarfi ya nemi taimako, ana yi masa dariya. Ni kuwa a lokacin ina da wata huɗu a aiki, jinina yana tafasa, ba na son a ce mace ta kasa. Aka ba ni wani bawan Allah mai jiki, na ja baya, na sheƙo. Na wuce rabi kaɗan sai gudun ya ƙare. Na tura, gadon ya tsaya. Na sake turawa, sai na ji yana turo ni. Takalmina ya fara zamewa. Jama'a, zan faɗa da bakina: na saki. Na yi tsalle gefe na saki gado da mutum a kai.

A bayana akwai wani dattijo cikin masu tura gado, Baba Gajere, yana hawowa da bokitin zannuwa. Ya yar da bokitin, ya tari gadon da kafaɗa, ya karkatar da shi zuwa bango, ya sa ƙafarsa tsakanin ƙarfe da bangon. Ƙafar ta karye wuri biyu. Mara lafiyan nan ko ƙwarzane bai yi ba. Da aka zo bincike, Baba ya ce shi ne ya zame. Na tsaya a gefe ina jin sa, ban ce uffan ba, kuma kunyar wannan shirun tana tare da ni har yau.

Bayan wata biyar ya dawo aiki yana ɗingishi. Gudu ya ƙare masa, kowa ya ɗauka sai dai a mayar da shi bakin ƙofa ya riƙa nuna wa baƙi hanya. Kwana biyu ya yi yana zama a ƙasan gangaren yana kallonsa. A na uku ya ɗauki gado. Muka ga ya nufi bango kamar wanda ya ɓata hanya. Don kada ya yi karo da masu saukowa, sai ya riƙa faɗa musu inda ya dosa. Ya ce, "Bango." Suka kauce. Ya juya ya ce, "Taga." Suka kauce. Muka tsaya a sama muna dariya har da riƙe ciki, muna maimaita masa, bango, taga, bango, taga. Sai ga shi ya iso, ba haki, ba gumi, ya dube mu ya ce, "To, 'yan gudu, wa zai karɓa?" Kafin shekara ta zagayo babu mai sheƙowa da gudu a cikinmu. Abin da muka fara da tsokana ya zama sunan aikin.

Akwai abu na biyu da Baba ya koya mana, kuma shi ne ya fi ɓata wa mutane rai a bidiyon nan. A wajen hawa, kan mara lafiya yana sama, mai turawa yana ƙasa ta wajen ƙafafu, saboda haka ido cikin ido suke. Wata rana Baba ya ga ina cije leɓe a juyi na shida, ya jira na sauke, ya kira ni gefe. Ya ce, "'Yata, mara lafiya ba ya kallon tudu, fuskarki yake kallo. In ya ga kin ciji leɓe zai tsorata, in ya tsorata zai yunƙura ya tashi zaune, in ya tashi nauyi ya koma gefe guda, to shi ke nan, ku biyu za a kwaso. A kan gangare ba a ɓata fuska. Ki yi masa dariya ko da bayanki yana tsagewa." Tun daga ranar, duk wanda ya shigo aikin nan abu biyu nake fara koya masa kafin in nuna masa inda ake ajiye safar hannu: juyi tara, da sakin fuska. Ni na koya wa Shiru-shiru. Juyin ya ɗauka a rana ɗaya. Dariyar ce ta ba mu wahala, sai da muka yi wata guda a kanta.

Na uku, yadda ake amfani da ita. Kalmar ta daɗe da barin gangaren. Nas za ta duba rubutun likita ta ce, wannan bango-taga wa zai karanta. Yaro ya hango allura ya bi ta tsakanin gadaje, sai ka ji ana cewa ku tare shi, yana bango-taga. Direban motar asibiti ya dawo yana ba da labarin ramukan hanya, ya ce tun daga kasuwa bango-taga yake. Na ma ji ta a bakin wata mai sayar da lemo a bakin titi, wadda ba ta taɓa taka benen nan ba, ban kuma san wa ya kai mata ba. Wasu har sun fara jingina ta ga mai magana yana kauce-kauce, kamar amsar da ake ba mu duk lokacin da muka tambayi ranar gyara lif. Wannan kam ban yarda da shi ba, domin bango-taga tana kai mutum sama, amsar lif kuwa wata biyu ke nan tana nan a ƙasa.

Na ji ƙararrawa, malam sakatare. Na ji ta sarai. Ranka ya daɗe shugaba, a ƙara mini kaɗan, ban iso kan Talatar ba tukuna, ita ce kuwa ta kawo ni.

Ranar Talatar nan lif a mace yake. A ƙa'ida mutum biyu ne suke hawa da gado mai tukunyar iska, amma mu huɗu ne a bakin aiki, abokin Shiru-shiru ya tafi ɗauko jini, ni ina tiyata, na huɗun yana ɗakin haihuwa. Likita ya duba Mama, tsohuwar nan ta bidiyon, ya ce a hau da ita yanzu, ba anjima ba. Shiru-shiru ya duba dama ya duba hagu, babu kowa sai wata nas da ke riƙe da takardu. Ya kama gado.

Bidiyon ba shi da murya, daga nesa aka ɗauka. Amma nas ɗin tana biye da su, ga ta can kusa da taga, a tambaye ta. A juyi na uku Mama ta fara zare ido, ta kai hannu tana neman ƙarfen gado za ta tashi. Sai ya ce mata, "Mama, ashe ke ce kike cinye abincin ɗakin nan, shi ya sa sauran suke ramewa." Ta harare shi ta cikin robar iska ta ce, "Ɗan nema, tura ni ka daina surutu." Ya ce, "Ai sai kin faɗa mini sirrin, matata ta ce na cika ƙashi." Ta yi dariya, ta saki ƙarfen, ta koma ta kwanta. Dariyar da kuka gani ke nan. Mutumin da ba ya dariya a ɗakin hutu, ba ya dariya a wajen biki, a kan gangare kaɗai yake yi, domin a can aiki ce.

Bidiyon ya tsaya a juyi na bakwai. Bai nuna lokacin da ya miƙa ta ga likita ba. Bai nuna shi zaune a kan matakala, riga sharkaf da gumi ba. Ni na gan shi a haka da na fito daga tiyata. Na ce, "Kai kaɗai ka hau?" Ya ce, "Ta isa, Yaya." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ɗana, zan juyo gare ka. Wallahi ban ga laifinka ba. Ka leƙo daga sama ka ga mahaifiyarka tana zuwa bango tana komawa taga, ka ga wani ƙato yana washe baki. Da uwata ce, da ni ba waya zan ɗauko ba, saukowa zan yi in shaƙe shi. Fushinka na ɗa ne, kuma yana da wurin zuwa: ka tambayi dalilin da ya sa lif ya yi wata biyu a mace, ka tambayi dalilin da ya sa mutum huɗu suke ɗauke da asibiti guda, zan tsaya a bayanka mu tambaya tare. Amma ka je ka tambayi Mama, tunda Allah ya tashi kafaɗunta tana gida. Ka ce mata, mai tura gadon nan wasa ya yi da ke? Duk abin da ta ce, na yarda da shi.

'Yan kwamiti masu girma, mako uku ke nan Shiru-shiru yana fitowa kullum da safe da takalmin aiki a ƙafa, ya zauna a gindin bishiyar nan ta tsallaken titi, yana kallon ƙofa har a tashi. Ba ya shigowa, an hana shi. Ba ya zama a gida, domin 'yarsa babba ta dawo daga makaranta tana kuka, an nuna mata babanta a waya an ce ga mugun da yake wasa da tsofaffi. Ni kuma na kasa zama, na kasa cin abinci da daɗi, domin na san abin da ya yi ni na koya masa, ni kuma na koya ne daga ƙafar da ta karye saboda ni. An taɓa rufa mini asiri a kan gangaren nan lokacin da na yi laifi. Yau ana shirin korar wanda bai yi ba, ba zan sake tsayawa a gefe in yi shiru ba.

Ba na roƙon ku gaskata ni don furfurata. Kafin in shigo na ajiye gado a ƙasan gangaren, da katifa, da cikakkiyar tukunyar iska, da sandar ƙarin ruwa. Minti biyu ne daga nan. Idan an tashi, zan je in kwanta a kai. Nauyina ya kai na Mama, wataƙila ma na ɗara ta kaɗan. Duk wanda yake ganin a ja layi a bi a miƙe, ya naɗe hannun riga ya tura ni, shi kaɗai, kamar yadda aka bar Shiru-shiru shi kaɗai. In ya kai ni sama, ku ja layinku, ku haɗa katina da nasa ku riƙe.

Sharaɗi ɗaya nake roƙo, ranka ya daɗe. A aika tsallaken titi a kira Shiru-shiru, ko da babu kati a wuyansa, ya biyo bayan mai turawa. Domin da an wuce rabi kaɗan gadon zai tsaya, sannan zai fara dawowa, kuma na san abin da mutum yake yi idan hannunsa ya gaza, ni na taɓa yi. Ba zan zargi kowa ba idan ya yi tsalle gefe. Amma ina da jikoki, ina son in koma gida, kuma mutum ɗaya ne na tabbata zai sa ƙafarsa tsakanin ƙarfe da bango saboda wanda ke kwance.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na sama da na ƙasa. Allah ya ƙara wa Mama sauƙi, ya yi wa ɗanta albarka. Allah ya jiƙan Baba Gajere, ya sa ƙafar nan ta zama shaida a gare shi. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ƙarfafa hannun duk wanda yake ɗauke da wani, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ni na yi gaba, za ku same ni a kwance a ƙasan gangare.

Na gode.